Jinkirin Baba a Kan Jan Kati

Ban taɓa saka ko kwabo a karta ba, kuma ina so a san da wannan tun daga farko, domin na san halin mutanenmu. Da an ji kalmar foka sai a fara yi maka kallon wanda ya sayar da gidan gado. Wadda muka buga a Doha ta waya ce, tsabar da ake zubawa kuma ta banza ce, manhajar ke raba ta kyauta kowace safiya. In taka ta ƙare, ka jira gobe. Wani abokin ɗakina ya sha gaya mini cewa ko babu kuɗi karta karta ce. Ni kuma na sha gaya masa ya bar ni da Ubangijina, tunda shi ma da yake wuni kallon kokawar Turawa a waya ban taɓa ce masa uffan ba.

Lokacin da annobar korona ta rufe gari, ina gadin wani jerin shaguna a Al Aziziya. Duk an garƙame su in ban da kantin magani. Aikina shi ne in zauna a kujerar roba awa goma sha biyu, in auna zafin goshin wanda ya zo, in duba ko manhajar lafiya a wayarsa ta nuna kore. Wata rana mutum biyar ne za su zo, wata rana uku. In na tashi motar kamfani ta mayar da ni Ain Khaled, ɗakin da muke kwana mu shida, kowa ya gaji da fuskar kowa. A cikin wannan zaman ne wani ɗan Jos da muka taɓa aiki tare ya buɗe mana tebur a manhajar, kujeru shida, ba mai shiga sai wanda ya gayyata. Muka tsayar da bayan la'asar, saboda a lokacin ne galibinmu ke da sarari.

Wasan ba shi da wuyar fahimta. Ana ba kowa kati biyu a ɓoye, sannan a buɗe biyar a tsakiya kaɗan-kaɗan, na kowa da kowa. Duk lokacin da layi ya zo kanka, ko ka bi abin da aka zuba, ko ka ƙara, ko ka ajiye katinka ka haƙura. Wanda ya haɗa mafi ƙarfi shi ke kwashewa, sai dai in wani ya yi burga ya tsorata kowa suka ajiye, alhali ba shi da komai a hannu. To a nan ne daɗin yake. Kuma a waya ba ka ganin fuskar mutum, ba ka ganin hannunsa na rawa. Abin da kake gani kawai shi ne wata da'ira da ke zagaye hotonsa tana ƙanƙancewa, tana nuna lokacin da ya rage masa, sai kuma akwatin hira a gefe.

Ni kuwa mai gadi ne. An ɗauke ni aiki ne don in zauna in kalli mutane, kuma ba yabon kai ba, na iya. Kafin wata biyu na haddace kowa. Ɗan Jos in ya ga kati mai kyau sai ya turo fuskar nan mai dariya, wai don a zaci wasa yake. Akwai wani mai wankin mota da ba ya ƙarawa sai in ya tabbata, saboda haka da ya ƙara sai kowa ya watse, ya kwashi abin da bai taka kara ya karya ba, yana ta mita. Ban taɓa gaya wa kowa abin da na gano game da shi ba. Na riƙe kayana ina ci da su.

Sai Baba. Haka duk muke kiransa, domin ya girme mu nesa ba kusa ba. Mutumin Zangon Kumasi ne, direban bas da ke kai ma'aikatan wani kamfani wurin aiki ya dawo da su, kuma ya fi kowa a cikinmu daɗewa a ƙasar. Shi nasa a bayyane yake: in ya amsa nan take, ba shi da komai, burga ce. In yana da kati kuwa yakan ɗan dakata kamar mai gyara zama kafin cin tuwo, sannan ya bi a hankali. Na ci shi da wannan ba sau ɗaya ba. Amma shi ma ya karance ni, kuma shi bai ɓoye ba. Ya rubuta a akwatin hira, kowa na gani, cewa ɗan Zariya, wato ni, in ya cika surutu to hannunsa wayam ne. Na ji haushi ƙwarai, musamman da yake gaskiya ce. Na yi ƙoƙarin kame bakina na kwana uku, na kasa.

Da aka sassauta kulle na fara zuwa wurinsa ran Juma'a. Yana zaune a Al Asmakh, cikin wani tsohon gida mai tsakar gida da famfo ɗaya, inda 'yan Zango da yawa ke haya. Yakan dafa shinkafa da wake irin tasu, wadda ake sa wa karan dafi ta yi ja, kuma karan daga gida ake kawo masa, yana ɓoye shi a ƙarƙashin gado kamar wata zinariya. Dogo ne, mai furfura a gemu kawai. Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji, matarsa ma "ya ce" yake ce mata, ni kuma ban taɓa barin wannan ya wuce ba tare da na tsokane shi ba. Shi ma ya rama da kyau lokacin da Ghana ta hana Najeriya zuwa gasar cin kofin duniya. Ya yi sati yana kirana, in na ɗauka ba ya cewa komai, dariya kawai yake yi ya kashe.

Ba zan iya cewa ga ranar da wasansa ya sauya ba. Na dai lura cewa wani lokaci da'irar nan takan kusa ƙarewa kafin ya motsa. Da farko na ɗauka ƙaton kati ya samu, tunda dakatawa a wurinsa alamar ƙarfi ce, sai in ajiye nawa. Sai wata rana ɗan Jos ya bi shi har ƙarshe aka buɗe. Baba ya zuba duk abin da ke gabansa a kan yana da kubi biyar, wato masu zanen zuciya. Huɗu ne kubi. Na biyar zi ne, mai kusurwa huɗu, shi ma ja. Aka yi ta dariya, shi ma ya turo cewa shaiɗan ne ya taɓa masa waya.

Na sa ido. Bayan sati biyu na gama gane abin. In baƙaƙen kati suka fi yawa a tsakiya, Baba na nan yadda na san shi. In jajaye suka taru, sai ya yi ta jinkiri, kuma bayan jinkirin sau da yawa yakan bi da katin da bai kai ba. Abin da na yi da wannan sani shi ne abin da nake jin kunyarsa har yau. Na ci shi da shi. Duk lokacin da tsakiya ta yi ja, da'irarsa ta fara ƙanƙancewa, sai in gyara zama in ƙara. Na yi wata da watanni ina kwashe masa tsaba, ina yi masa dariya a akwatin hira, ina jin kaina gwani. Ko sau ɗaya ban tambayi kaina me zai sa mutumin da ya fi shekara yana wasa lafiya ya fara rikita zuciya da kusurwa huɗu ba.

Abin da ya farkar da ni ƙaramin abu ne. Wata Juma'a muna cin abinci aka turo masa saƙo, sai na ga ya kai wayar har kusan hancinsa, ya karkata kai gefe, ya juya wa ƙofa baya don haske. Da ya ga ina kallonsa sai ya ajiye ta ya ce talla ce. A mota ina komawa Ain Khaled na haɗa wannan da jajayen kati, na fara zargin idonsa.

Ban yi masa magana ba. Na yi abin da na iya, wato gwaji. Manhajar tana da wurin da ake sauya launin kati ya zama huɗu, zi ya koma shuɗi, kubi ya zauna a jansa. Na ce masa ya gwada, ya fi kyau a ido, na kuma saita masa da hannuna. Daga ranar jinkirin jan kati ya ɓace ɗungurungum. Amma wani jinkirin ya fito wanda da ban lura da shi ba: shida, takwas da tara. In biyu daga cikinsu suka haɗu a tsakiya, sai da'irar Baba ta fara tafiya. Daga nan ban sake shakka ba. Idon Baba na mutuwa, kuma kowace safiya yana ɗaukar mutum cike da bas ya hau babban titi da su.

Na daina cinsa da jinkirin, amma ban yi wani abu ban da wannan. Na yi ta gaya wa kaina cewa karanta ƙaramin kati a waya daban, ganin mota a titi daban. Haka na lallaɓa kaina har aka shiga watan da ya rage saura kaɗan a fara gasar cin kofin duniya a nan Doha. Gari ya cika da tutoci, an sauya hanyoyi, an kafa sababbin alluna ko'ina, mu ma an ƙara mana awoyi. Kamfanin su Baba ya samu aikin jigilar ma'aikatan filayen wasa. Yana ta murna, ya ce ko daga bakin ƙofa ne zai ji ihun 'yan Ghana da kunnensa.

Wata Juma'a ya ce zai sauke ni a hanya, tunda zai mayar da bas garejinsu. Ni kaɗai ne a ciki, na zauna a kujerar gaba. Rana ta karkata tana dukan gilashi. Na ga yadda yake tuƙi: ya sami wata farar mota ya manne mata, in ta taka birki ya taka, in ta sauya layi ya sauya. Da muka zo wata mahaɗa da aka sauya wa tsari, sai ya ce in karanta masa allon can, wai ya manta tabarau. Baba bai taɓa mallakar tabarau ba. Can gaba kaɗan wani lebura sanye da rigar aiki mai ruwan lemo ya sauko zai tsallaka. Na gan shi tun daga nesa. Na jira in ga ƙafar Baba ta motsa, kamar yadda nake jiran da'irarsa, ba ta motsa ba sai da na daka masa tsawa. Bas ta tsaya, mutumin ya tsallake yana zaginmu da yarensu. Baba ya ce mutanen nan ba sa duba hanya.

Da ya faka na hana shi sauka.

"Baba, idonka ba lafiya."

"Lafiya lau," ya ce, tun ban rufe baki ba.

"Ka amsa da sauri."

Ya gane abin da nake nufi, ya yi ɗan murmushi, ya kashe injin. Sannan ya gaya mini cewa ya fi shekara yana gani kamar ta cikin gilashin da aka shafa wa sabulu, kuma rana da fitilun mota sun fi damunsa. Bai je asibiti ba domin katin lafiyarsa ta hannun kamfani yake bi, kuma direban da aka rubuta wa ciwon ido ya gama aiki. Autarsa na shekarar ƙarshe a makarantar jinya.

"Wata biyu kawai, ɗana," ya ce. "A gama ƙwallo, khalas, shi ke nan, in tafi gida da ƙafata. Hanyar nan na san shi kamar tsakar gidana."

Na ce masa hanyar da ya sani an sauya ta. Daga nan bakina ya ɓalle. Na yi masa maganar mutanen da yake ɗauka, na yi masa maganar leburan nan, na kawo Allah, na kawo Annabi, na kawo 'yarsa. Na ce na ba shi zuwa Lahadi ya je ya faɗa da bakinsa, in bai je ba wallahi ni zan je. Na maimaita wallahin nan ya fi sau biyar. Yana ta kallona har na gaji na yi shiru. Sai ya dafa kafaɗata.

"Ɗan Zariya, ka cika surutu," ya ce. "Ba ka da komai a hannu."

Ya yarda da abin da ya faɗa, na gani a fuskarsa. Shekara biyu yana karanta ni daidai, ba shi da dalilin zaton wannan karon daban ne. Kuma maganar gaskiya, a lokacin da nake rantsuwar ni kaina ban san ko zan iya ba. Lahadi ta zo ta wuce. Litinin bayan la'asar ya shigo tebur kamar kullum, har ya turo mini gaisuwa da tsokana. Aka buɗe tara da shida a tsakiya, na zauna ina kallon da'irarsa tana ƙanƙancewa har ta kusa ƙarewa. Na ajiye katina, na fita daga wasan.

Talata na nemi wani ya riƙe mini gadi na je garejinsu. Shugaban direbobin wani ɗan Sudan ne da ke jin Hausa kaɗan-kaɗan, ya ce kakanninsa daga wajenmu suka taso. Ban yi dogon bayani ba. Na ce ina roƙon a duba idon direba kaza kafin ya sake fita da mutane, na faɗi abin da na gani a titi. Ban ambaci karta ba, don na san zai ɗauke ni mahaukaci. Na roƙe shi in akwai wani aiki a gareji da ba na tuƙi ba, a ba shi. Ya ce in sha Allah, irin in sha Allahun da duk wanda ya zauna a ƙasar ya san ma'anarta.

An duba, aka ce yanar ido ce, a ido biyun, ta dama ta fi nisa. Ba a ba shi wani aiki ba. Aka sallame shi, aka yanka masa tikiti, ya bar Doha saura kwanaki Ghana ta buga wasanta na farko. Na je Al Asmakh ranar da zai tafi, wani maƙwabcinsa ya tare ni a ƙofa ya ce Baba ya ce yana barci. Ina jin muryarsa a ciki yana cewa a ɗaure jakar da kyau. Na kira, bai ɗauka ba. Na tura saƙo mai tsawo, ya nuna an buɗe, ba amsa. Mutanen gidan kuma suka daina amsa sallamata da daɗi, har ɗan Jos sai da ya ce da na bari an gama gasar. Na ce masa ya je ya faɗa wa leburan da ya tsallake, muka yi kwana biyu ba ma magana.

Ranar wasan Ghana ina bakin aiki. Motoci na wucewa ta Al Aziziya da tutoci ja da rawaya da kore, ana ta busa ƙaho. Ban yi nadamar abin da na yi ba, kuma har yanzu ban yi ba. Amma na yi baƙin ciki irin wanda ban yi ba tun rasuwar mahaifina, kuma na san da na yi magana tun lokacin da na fara ganin jinkirin nan, maimakon in zauna ina kwasar tsabar banza, da wataƙila an yi masa aiki a hutunsa ya dawo kan sitiyarinsa ba wanda ya sani.

Kujerarsa ta zauna babu kowa. Ɗan Jos bai cire shi ba, bai kuma gayyaci wani ba. Aka gama gasa, aka sauke tutoci, aka rage ma'aikata, teburin ya koma mu huɗu, wata rana uku.

Bayan azumi, wata Laraba da la'asar, sai ga hotonsa ya haska. Kowa ya yi ta rubuta maraba, ya amsa wa kowa da sunansa ban da ni. Na rubuta gaisuwa, na goge, na sake rubutawa na tura. Muka yi ta wasa. Can aka buɗe tsakiya ta yi ja wur: kubi uku, zi biyu. Ina da sarki biyu a hannu. Layi ya zo kan Baba, da'irarsa ta fara tafiya. Ta wuce rabi. Ta kusa ƙarewa. Na ce a raina ya sauya waya ke nan, launi huɗun da na saita masa ya tafi, idon kuma ya ƙara lalacewa. Tausayi ya kama ni sosai. Amma da ya bi a daƙiƙar ƙarshe, hannuna bai ji tausayin ba, na tura duk abin da ke gabana. Ya bi. Aka buɗe, kubi biyu ne a hannunsa, biyar cif, ya kwashe ni tas.

Na zauna ina kallon wurin da tsabata take da. Sai rubutu ya fito a akwatin hira.

"An cire yanar. Ido biyu. Autata ne ya riƙe mini hannu."

Na fara rubuta alhamdulillahi, na ci gaba da ba shi haƙuri, na shiga bayanin abin da ya sa na je garejin, layi ya kai shida ban gama ba. Kafin in tura, wani saƙon ya shigo.

"Ina ganin kana rubutu, ɗan Zariya. Bar shi. Gobe in an ba ka tsaba ka dawo."

Na goge duka. Wata mata ta fito daga kantin magani da kaya niƙi-niƙi, na tashi na riƙe mata ƙofa.